KEKEN GURAGU: A TSARE SHI DAGA KIFEWA

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a garin Madakiya





Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne keken guragu, da yadda za a kiyaye shi kada ya kife da mai shi. Wataƙila wani ya ce, to me ya haɗa 'yan kasuwa da wannan zance, ai na likitoci ne. Gaskiya ne akwai rabon likita a ciki, kuma za mu faɗi inda ya kamata a neme shi. Amma fa mu ne muke sayen kekunan nan muna bayarwa, musamman da azumi da lokacin fitar da zakka. Mu ne muke turawa, kuma mu ne muke gina dakali da dokin ƙofa da lambatun da keken zai tsallake. Saboda haka kaso mai yawa na lafiyar mai keke a hannunmu yake.

Sunan da aka saba da shi ke nan, keken guragu, amma ba wanda shan inna ya kama kaɗai ke hawansa ba. Alhamdu lillahi, tun daga 2016 ba a sake samun asalin ƙwayar shan inna a Nijeriya ba, kuma a watan Agusta na 2020 aka ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana nan ana ci gaba da rigakafi. To amma waɗanda ciwon ya riga ya taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne, masu sana'a ne. Ga kuma wanda haɗarin mota ko na acaɓa ya taɓa masa laka, ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ga wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum 100 akwai 1 mai bukatar keken nan, watau kimanin mutum miliyan 80 a duniya. In muka ɗora wannan lissafi a kan unguwanninmu, za mu ga babu layin da zai rasa mai bukata, yau ko gobe.

Faɗuwar mai keke kuwa ba irin tamu ba ce da za a tashi a kaɗe riga. Ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba, ƙashinta yakan yi rauni, abu kaɗan sai ya karye, kuma in mutum ba ya jin ƙafar, sai karayar ta kwana ba a sani ba. In ta baya ya kife, ƙeya ce take fara bugun ƙasa. Bayan ciwon jiki akwai tsoro. Mutumin da keke ya kayar sau ɗaya a bainar jama'a yakan daina fita, ya bar tireda, ya bar jam'i, ya koma zaman ɗaki, keken kuma ya zama wurin rataya wanki. Wannan asarar ita ce muke so mu toshe wa ƙofa.

INDA NAUYI YAKE ZAUNE

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a kan lodin citta a kasuwar Kafanchan ya san ƙa'idar nan tun kafin mu faɗe ta. Kaya masu nauyi a ƙasa ake jera su, a tsakiyar mota, tsakanin tayoyi. In aka tula su a sama, ko aka karkata su gefe guda, ko suka zarce bayan mota, to direba komai gwanintarsa yana cikin haɗari a kwanar farko. Keken guragu ma haka yake, sai dai shi lodinsa ɗan Adam ne. Muddin nauyin mutum da kayansa yana sauka a cikin filin da tayoyi suka kewaye, keke yana nan daram. Da zarar nauyin ya leƙa waje da wannan fili, ko ta gaba, ko ta baya, ko ta gefe, sai rinjaye ya yi aikinsa. Duk abin da za mu faɗa daga nan har ƙarshe, a kan wannan magana guda yake tafiya: a saukar da nauyi ƙasa, a tsare shi tsakanin tayoyi.

Kekuna iri biyu muka fi gani a nan. Akwai na asibiti, mai manyan ƙafafu biyu a baya da ƙanana biyu a gaba, wanda ake naɗewa. Don daɓen siminti da barandar asibiti aka ƙera shi. Ƙananan ƙafafun nan na gaba su ne rauninsa: tsakuwa ɗaya, ko rami ɗan ƙarami, ko yashi, sai su cije, keke ya tsaya cak, mai shi ya zarce ta gaba. Sa'an nan akwai mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu ta hanyar sarƙa, irin wanda ake ƙerawa a Kano a wajen ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa, da kuma a Jos a cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan ya fara aikinta a 1999. Shi wannan ya fi dacewa da doguwar tafiya da hanyar ƙasa. Kun san murhu da duwatsu uku ake kafa shi, don ƙafa uku ko a ina sukan sami ƙasa su zauna, alhali tebur mai ƙafa huɗu in ƙasa ba ta daidaita ba sai ya riƙa girgiɗi. Amma shi ma yana da nasa rauni, irin na Keke Napep: in aka sha kwana da gudu, ko aka danne birki ana cikin kwana, sai ƙafar baya ɗaya ta ɗaga, ya tafi ta gefe. A wajen hawan tudu kuma nauyi yakan koma baya, ƙafar gaba da take jan keken ta riƙa sulɓi.

Masu ilimin abin sun daɗe suna neman tsaka-tsaki. Akwai wani injiniya a ƙasar Amurka mai suna Ralf Hotchkiss, wanda shi kansa haɗarin babur ne ya zaunar da shi a keke a 1966. A 1989 shi da abokan aikinsa suka kafa cibiyar Whirlwind a wata jami'a ta birnin San Faransisko, suna ƙera keke don ƙasashe irin namu. Dabararsu ba boyayya ba ce: sun tura ƙananan ƙafafun gaba can gaba har ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa, don tazarar da ke tsakanin gaba da baya ta yi tsawo, suka faɗaɗa tayoyin gaba don kada su nutse a yashi, suka kuma yi amfani da kayan keken hawa waɗanda kowane mai gyara zai samu a kasuwa. In za mu sayi keke, waɗannan abubuwa uku za mu duba. Fenti da ƙyalli ba su hana kifewa.

A AUNA MUTUM KAFIN A SAYI KEKE

Babu ɗayanmu da zai ɗinka wa mutum riga bai auna shi ba, ko ya saya masa takalmi bai san lambar ƙafarsa ba. To don me keke, wanda mutum zai wuni a kansa, za a sayo guda goma iri ɗaya a raba wa yaro da babba, siriri da kakkaura? A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma sabunta su a 2023. Abin da suka tsaya a kai shi ne a duba mutumin, a duba wurin da yake zaune, a daidaita masa keken a jikinsa, a koya masa amfani da shi, sa'an nan a riƙa bibiya.

Awon ba shi da wuya. Faɗin mazauni ya kama ƙugu, yadda yatsun hannu kawai za su shige ta kowane gefe. In ya yi faɗi da yawa mutum zai riƙa zamewa gefe guda, nauyi ya karkata, bayansa ma ya lanƙwashe da daɗewa. Tsawon mazauni ya bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwa. Wurin ɗora ƙafa ya riƙe tafin ƙafa sosai, kuma ya ɗaga daga ƙasa aƙalla inci 2, don kada ya daki dutse ya tsayar da keke. In mutum ya zauna a miƙe ya saki hannayensa, kan yatsansa na tsakiya ya kai daidai cibiyar babbar ƙafa. Ita babbar ƙafar nan, in aka matso da ita gaba, tuƙi yana sauƙi amma keke yana saurin kifewa ta baya. In aka mayar da ita baya, ya fi zama daram amma tuƙi yana nauyi. Sabon shiga da dattijo a mayar musu da ita baya. Wanda aka yanke wa ƙafafu kuwa, dole ne a mayar masa da ita baya, domin nauyin ƙafafun da ke danne gaban keke babu shi, ɗan tudu kaɗan sai ya tafi rigingine. Akwai kuma wasu 'yan ƙarafa masu ƙananan tayoyi da ake ɗaurawa a baya ƙasa-ƙasa don tare kifewa. In keke ya zo da su, kada a cire a jefar don an ga kamar ado ne.

Sai matashin zama. Wanda ba ya jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa yana bukatar matashi na musamman, in ba haka ba gyambon zama ya kama shi, kuma gyambon nan yana kisa. Amma kada a tula filo biyu ko uku don neman laushi, domin duk incin da aka ƙara a sama an ɗaga lodi ne. Ledar mazauni in ta saki ta yi kwarmi, a ɗaure ta ko a shimfiɗa falanki a ƙarƙashin matashin. Wanda ba ya iya riƙe gangar jikinsa a sa masa bel a ƙugu, ba a ƙirji ko kusa da wuya ba, kuma kada a ɗaure bawan Allah da igiya ko ɗankwali. Irin wannan daidaitawa ita ce rabon likita. A fara da ma'aikatan lafiya na babban asibitin Kafanchan, in abin ya fi ƙarfin nan a nemi likitocin motsa gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yaro kuma girma yake yi, keken bara ba lalle ya dace da shi bana ba.

KAYA DA MOTSIN JIKI

Da yawa daga 'yan'uwanmu masu keke 'yan kasuwa ne kamarmu, masu goro, masu katin waya, masu kayan tireda. Wurin da aka fi son rataya kaya shi ne hannun turawa na baya, kuma nan ne wuri mafi muni, don yana sama, yana kuma bayan taya. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne, rabin buhun siminti ke nan. A rataya wannan a bayan keke, a doshi tudu, me ake jira? Kaya a ƙarƙashin mazauni ake sa su, tsakanin ƙafafu, a ɗaure kada su yi yawo. In mai walda zai yi akwatin kaya, ya yi shi ƙasa-ƙasa, kada ya zarce bayan tayoyi. Lema ko rumfar kwano da ake kafawa a sama don rana, a sani tana ɗaga nauyi, tana kuma kama iska, ga shi kun san irin iskar da take zuwa gaban hadari a farkon damina a ƙasar nan. Yara ma a hana su ɗafe bayan keke.

Shi mai keken, in zai ɗauki wani abu, ya matso da keken gefen abin, ya ja birki, sa'an nan ya miƙa hannu daidai inda ya kai ba tare da ya ɗaga daga mazauni ba. Kada ya sunkuya tsakanin gwiwoyinsa ya ɗauki abu a ƙasa, kada kuma ya miƙa ta saman jingina zuwa baya. Ga wata 'yar dabara da mutane da yawa ba su sani ba: kafin a sunkuya gaba, a ɗan ja keken da baya kaɗan, ƙananan ƙafafun gaba za su juyo su fuskanci gaba, filin da keke ya taka ya ƙaru. Haka za a yi wajen sauka zuwa gado ko tabarma, da wajen hawa: birki biyu a ja, a ɗage wurin ɗora ƙafa. Duk wanda ya taka wurin ɗora ƙafa ya miƙe, bayan keke zai tashi ya kifa shi. Babbar riga da zane da hijabi a tattare su a kan cinya, don in suka shiga wayoyin ƙafa ko sarƙa, tsayawar ba ta sallama.

HANYOYINMU

Ƙasarmu ta Madakiya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta Kano. Ƙasar tudu da gangara ce, ga duwatsun Kagoro muna hange, ga ruwan Matsirga yana faɗowa daga kan dutse a nan kusa da mu. Ruwan sama kuma daga Afirilu har Oktoba, yana zaizaye gefen hanya, yana mayar da jar ƙasa santsi. Don haka a wajen hawa mai keke ya sunkuyo gaba, a wajen gangara ya jingina baya, ya riƙa sassauta gudu da tafin hannu tun daga sama. Birkin keken asibiti na tsayuwa ne, ba na tafiya ba. In aka danna shi ana cikin gangara, keke zai tsaya, mutum ya wuce. Tudu a fuskance shi kai tsaye, kada a ratsa shi a karkace, kada kuma a juya a tsakiyarsa. Gefen kwalta inda ruwa ya ci ya bar gaɓa, taya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, nan ne mai ƙafa uku ya fi kifewa. Kududdufi in ba a ga ƙasansa ba a kewaye shi.

Kafanchan garin jirgi ne tun 1927 da layuka suka haɗu a can, kuma ƙarafan dogo suna nan a shimfiɗe. Wanda zai tsallaka su ya tsallaka a miƙe, a ɗaga ƙananan ƙafafun gaba, domin in aka zo a karkace sai su faɗa ramin da ke gefen ƙarfen su maƙale. Falankin da muke ɗorawa a kan lambatu a ƙofar shago, in bai kai faɗin keke ba, tarko ne. Muna kuma roƙon matasanmu masu keke su bar kama bayan mota ko acaɓa don a ja su. Ba a ƙera keken don wannan gudu ba, birkinsa ma ba zai riƙe ba. Sannu ba ta hana zuwa. Mai fita da dare kuwa ya liƙa leda mai ƙyalli a baya da gefe, ya riƙe tocila.

GA MAI TURAWA

Tura keke lada ne, amma akwai ladabi. Kafin ka taɓa, yi sallama ka tambaya, domin keke kamar jikin mai shi ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka karkata shi, ka faɗa masa, don ya shirya. In za a hau dakali, a fuskance shi, ka taka ɗan ƙarfen da ke baya ƙasa-ƙasa, ka danne hannun turawa har ƙafafun gaba su ɗaga su hau, sa'an nan ka tura manyan su biyo. In za a sauka, da baya ake sauka, manyan ƙafafu su fara, kai kana ƙasa kana tare da jikinka. Gangara mai tsanani ma da baya ake bin ta. In matakala ce, mutum biyu ko uku, kuma a kama gangar ƙarfen keken. Wurin ɗora hannu da wurin ɗora ƙafa a kekuna da yawa cirewa suke yi, wanda ya ɗaga ta nan sai ya ga abin a hannunsa, mutum a ƙasa. Ko na minti ɗaya za ka saki keke, ja birki. Yaro ƙarami kuma kada a bar shi ya tura babba a gangara, don keken ne zai ja shi.

GYARA

Keke ɗan'uwan keken hawa ne, duk mai gyaran keke da mai faci a garin nan zai iya da shi. Kowane mako a taɓa tayoyi. Iskar da ta dace a rubuce take a jikin tayar. In ɗaya ta fi ɗaya iska, keke zai riƙa ja gefe. In iska ta yi ƙasa, birki ba zai kama ba, don a jikin taya yake cizo. A duba notuna da sifana, a ɗaure waɗanda suka saki. A cire gashi da zare da leda da suke naɗewa a ƙananan ƙafafun gaba. A sa mai a sarƙa, a sa giris a boris. Wayar ƙafa in ta tsinke a sauya, don ɗaya in ta tafi sauran suna biyo ta, ƙafa ta karkace. Da damina a wanke taɓo a shanya, kada a bar keke ya kwana a ruwa, domin tsatsa daga wurin walda take fara ci. In an ga tsaga a ƙarfe a kai wa mai walda a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin giris da faci ba su kai kuɗin ɗori ba.

ƘOFOFINMU

Yanzu sai mu waiwayo kan namu aikin. Saboda ruwa muna ɗaga gine-ginenmu, shago da zaure da masallaci da makaranta, kuma haka ya kamata. Amma kowane tsayi da muka ƙara, katanga ce ga mai keke. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A watan Agusta na 2024 kuma aka naɗa shi Ayuba Gufwan na Jos, wanda muka ambata ɗazu, ya riƙe hukumar naƙasassu ta ƙasa. Mu dai ba sai mun jira hukuma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ba.

Sai dai in za a yi gangaren siminti a yi shi bisa ƙa'ida, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun sha ganin wanda aka yi shi a tsaye kamar na hawar da babur zaure, wanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk inci 1 na tsayi a ba shi inci 12 na tsawo, watau ƙafa ɗaya. Bulo ɗaya tsayinsa inci 9 ne, to gangarensa ƙafa 9 ke nan. In dakalin bulo biyu ne, ƙafa 18. In fili bai isa ba a bi da shi ta jikin bango. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 3, in an sami 4 ya fi. A yi masa ɗan baki a gefe biyu don kada taya ta zame, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama a bakin ƙofa inda keke zai tsaya ya juya, a ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye don ya yi kaushi. Tayil kuwa a raba shi da wurin, musamman kusa da inda ake alwala. Takalman da muke zubarwa a bakin ƙofa ma a yi musu wuri a gefe. A cikin gida a duba dokin ƙofa da hanyar makewayi, domin nan ne mai keke yake bi kullum, sau da yawa shi kaɗai, cikin dare.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Ya Shugaba, muna miƙa shawarwari huɗu. Na farko, daga yau kada ƙungiya ta sake sayen keke sai an je an ga mai bukata, an auna shi, an ga gidansa da hanyar da yake bi, an kuma ji ta bakinsa wane iri yake so. Gara mu ba mutum biyar keken da ya dace da su, da mu ba goma wanda zai kayar da su. Na biyu, a cikin kuɗin kowane keke a ware na matashin zama da na gyaran shekara guda. Na uku, a sami mai gyaran keke ɗaya da mai walda ɗaya daga cikinmu, a tsayar da rana guda a wata da masu keke za su kawo a duba musu, na gida da maƙwabtanmu duka, domin gangara ba ta tambayar yaren mutum kafin ta kayar da shi. Na huɗu, kafin damina mai zuwa a fara da ƙofar makarantar Islamiyya da ta masallaci da ta wannan ɗakin taro, kuma ranar da birkila zai auna, a gayyato masu keken su tsaya a kai, su ne za su gwada kafin a ce an gama. Masu shago a cikinmu, kowa ya koma ya dubi ƙofarsa. Buhun siminti ɗaya ko biyu ne, kuma mai keke ma mai ciniki ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da magina, muna da masu walda, muna da masu hali, abin da ya rage shi ne a tsayar da rana. Wanda yake kan ƙafafunsa yau bai san abin da gobe za ta zo da shi ba, gangaren da ya gina wa wani, wataƙila shi zai bi ta kansa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga haɗarin hanya, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.